Rigar Sanyi a Kan Keken Ishaƙ

Dokki, Alƙahira
Satumba, 2013

Zuwa ga ƙanen mijina, Malam Giɗaɗo, Tudun Wada, Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali, da gwiwar nan taka da ka mayar abin hira tun zamanin mulkin soja. Ni lafiyata ƙalau, sai idanu da suka fara yi mini gardama. Har yau da ƙafata nake hawa bene, ni nake zuwa kasuwa, ban kuma nemi hannun kowa ba. Ka daina aiko mini da lambar waya. Wadda ta ƙare ƙuruciyarta a gaban makirufo a sashen Hausa na rediyo ba ta da bukatar yin ihu cikin ɗan ƙarfe. Ɗaliban da ke kai da komowa tsakanin nan da Kano sun ishe mu isar da saƙo.

Na karanta abin da ka rubuto game da yaron nan. Ka ce tun da ya yi ritaya daga aikin hanya keke ya zame masa sana'a, har Jos yake zuwa a kansa, yanzu kuma ya haɗu da wata ƙungiyar Misirawa masu hawan keke da za su tashi daga bakin teku a Sina'i, su hau ta mashigar Waɗiya zuwa gindin Dutsen Ɗuri. Na san wurin. Na bi ta nan da marigayi yayanka bayan an buɗe hanyar. Tsaga ce tsakanin jajayen duwatsu biyu, kwalta ta ratsa ta kamar zare a kafar allura. Mutanen wurin suna nuna wani dutse su ce Annabi Musa, alaihis salam, ya zauna a kai. Allah ne masani. A mota muke, amma sai da kunnuwana suka toshe saboda tsawon hawan.

Garin nan ba yadda ka san shi yake ba. Akwai dokar hana fita, hanyar Sina'i kuwa shingen bincike ne bayan shinge. Mutum mai furfura da jikoki ba ya wasa da ransa irin haka. Babu abin da zai zo yi a Masar. Ka faɗa masa.

Mun yi sabon mai gadin gida, wanda a nan ake kira bawwab. Ranar farko ya tambaye ni sunan babban ɗana, wai don ya riƙa kirana Ummu wane, kamar yadda suke yi. Na ce masa Ustaza ta ishi waɗanda suka gabace shi. Mutanen nan ba su san kunyar ɗan fari ba. Mace za ta tsaya a baranda tana ƙwala wa ɗanta na fari kira, unguwa duka tana ji. Na yi fiye da rabin ƙarni a cikinsu, ban saba ba.

Ka gaishe da kowa.

Matar yayanka,
Ummukulthum

*

Tudun Wada, Zariya
Oktoba, 2013

Yaya Ummu,

Wa alaikumus salam. Gwiwa ta amsa gaisuwa, ta ce ta gode da har yanzu ana tuna ta a ƙasar Fir'auna. Mu nan lafiya, an fara girbi. Gidan dai shiru tun rasuwar matata Hauwa, ban saba cin tuwon hannun surukai ba.

Na yi kuskure ko ban yi ba, ke za ki yanke. Ishaƙ na zaune wurina lokacin da takardarki ta iso, idanuna kuwa sun fi naki lalacewa, sai na miƙa masa ya karanta mini. Da ya zo inda kika ce babu abin da zai zo yi a Masar, muryarsa ba ta canja ba. Ya kai ƙarshe, ya ninke takardar, ya ce, "To, Baffa, ai Hajiya ta faɗi gaskiya." Ya fita duba tayar kekensa, alhali ba abin da ya same ta.

Bari in faɗa miki abin da kika fi ni sani. Duwatsu ba su ƙare a Najeriya ba. In hawa yake so, ga Mambila. Keken nan hujja ce. Ƙato mai gemu ba zai iya buɗe baki ya ce zan je in ga uwata ba, sai ya nemo dutsen da ba a isa gare shi sai an bi ta Alƙahira. Ba ke kaɗai kika gaji kunyar ba.

Na san al'ada. Uwarmu ba ta taɓa kiran sunan mijinki Yaya Hussaini ba har ta koma ga Allah. Amma ita tana tsakar gida, yana ganin wanda ake ajiye wa tsokar da ta fi girma. Ke kuwa kin bar shi a hannunta yana tatata, kika bi miji karatu, da ta rasu ni da Hauwa muka ɗauke shi. Zuwanki gida ana iya ƙirga shi da yatsu, kowane zuwa kuma ta bakin wani kike yi masa magana. Kunyar da ake yi a gida ɗaya daban take da wadda ake yi da hamada a tsakani. Yana yaro, bayan magariba a gaban rediyo yake zama, kina karanta gaisuwar 'ya'yan mutane daga Agadas har Kumasi, suna bayan suna, shi kuma yana jira har a rufe tasha.

Zai zo a Disamba. Ya ce ba zai takura miki ba, wurin ɗalibai zai sauka a unguwar Madinat Nasr, ya zo ya gaishe ki sau ɗaya don sauke haƙƙi. Ki yi masa magana, Yaya. Ko kalma ɗaya ce, kai tsaye, ba ta bakin kowa ba. Ni da ke mun kusa gida, shi ma ba yaro ba ne.

Ƙanen mijinki da kika raina,
Giɗaɗo

*

Dokki, Alƙahira
10 ga Disamba, 2013

Malam Giɗaɗo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, sai sanyi da ya shigo bana da wuri.

Ɗalibin da ka ba takardarka ya yada zango a Khartum, saboda haka kusan tare suka iso da mai keken. Da ta zo a kan lokaci, da na gyara abin da ka ɓata. Ba shi na rubuta wa ba, kai na rubuta wa. Ban ce kada ya zo wurina ba. Hanya na ce ba lafiya. Duk wanda ya san ni zai ga tsoro a wannan layin. Jikokinka sun cika gida, ka rasa mai karanta maka sai shi.

Ya zo jiya. A kan keken ya ratso gari daga Madinat Nasr, ya kinkimo shi a kafaɗa har hawa na huɗu, don lif ɗinmu ya daɗe da mutuwa. Na kira Mahasin, 'yar Hausawan Sudan da ke girki a wani ofishin jakadanci kusa da mu, don kada ɗakin ya zama mu biyu. Na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, na zuba daddawar da nake tattali tun bara.

Na ce wa Mahasin, "Tambayi baƙon ko hanya ta yi sauƙi."

Ta ce, "Ya Ustaza, ga shi a gabanki da kunnuwansa biyu."

Shi kuma ya dube ta ya ce, "Ki ce wa Hajiya alhamdu lillahi."

Ta ce, "Khalas, shi ke nan, ku biyun kun mayar da ni gidan waya, ba albashi."

Ya yi dariya. Dariyar yayanka ce, har da karkatar da kai. Ya cinye tuwon, ya nemi ƙari ta bakin Mahasin. Da ya sunkuya yana nuna mata yadda ake sauya giyar keken, na dube shi sosai. Bai gan ni ba. Hannuwan ma na ubansa ne.

Na ga kayan da zai hau dutse da su: wata 'yar riga mai santsi, ba ta fi ɓawon albasa kauri ba. Duk mutanenmu haka suke, sun ɗauka Masar rana ce da rairayi. Na san za a yi haka. Ranar da takardarka ta iso na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa kasuwar Ataba, na sayi rigar sanyi mai ulu a ciki, wadda ruwa ba ya ratsawa. Na sa mai shagon ya gwada mini a jikinsa, don kafaɗarsa irin ta gidanku ce. Da baƙon ya shiga sallar la'asar, na rataya ta a kan kekensa.

Kafin ya idar aka kira Mahasin wurin aiki, ta tafi. Ya fito, ya ga rigar, ya ɗauke ta a hankali, ya ninke, ya ajiye a kan kujera. Ya ce, kamar da bango yake magana, "An manta riga a nan."

Na buɗe baki. Babu kowa a ɗakin da zan faɗa wa.

Ya durƙusa ya ce, "Hajiya, a yi mini addu'a." Na fuskanci taga na ce Allah ya kiyaye hanyar matafiya. Ya ɗan tsaya a bakin ƙofa. Ina jin ƙarar tayar tana gogar bango har ya kai ƙasa.

Ka gaya mini, a gidanku wa ya taɓa ce wa ɗan fari ga wannan naka ne? Ajiyewa ake yi a kan kayansa, shi ya gane. Wannan kai ya kamata ka koya masa.

Da safen nan na ɗauki rigar na shiga ƙaramar bas har Madinat Nasr. Ɗaliban suka ce motar ƙungiyar ta tashi bayan asuba. Na komo da ita. Zai biyo ta Alƙahira kafin jirginsa. In ya dawo, zan duba maganarka. Ban yi alkawari ba.

Ummukulthum

*

Tudun Wada, Zariya
14 ga Disamba, 2013

Yaya Ummu,

Sallama. Ban ga amsarki ba tun Oktoba, ban san ko tawa ta iso ba. Yara sun nuna mini a talabijin wai dusar ƙanƙara na zuba a Sina'i, abin da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Wayar Ishaƙ ba ta shiga. Matarsa ta kasa cin abinci. Wani ɗalibi zai tashi gobe, shi na ba wannan. Ya zo wurinki? Kin yi masa magana? Don Allah ki ajiye girman kai, ki ari wayar maƙwabta ki kira ni.

Giɗaɗo

*

Dokki, Alƙahira
Janairu, 2014

Malam Giɗaɗo,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mahasin ta sanar da ku ta waya tun ranar, na kuma ji an yi zaman makoki a gidanka. Allah ya ba da lada. Takardarka ta ƙarshe ta same ni bayan mun dawo daga maƙabarta. Ka yi tambaya biyu, ga amsarsu, don waya ba za ta ɗauke su ba. Lafiyata kuwa, ina tsaye.

Shugaban ƙungiyar, wani saurayi mai suna Tariƙ, shi ya ba ni labarin hanya. Sun taso daga bakin teku cikin rana, suka bi kwarin dabino na Firan, hanya tana ta hawa. Ya ce da farko samarin sun riƙa tsokanarsa, suna ce masa Ammu, wato Baffa, suna wuce shi da gudu. Shi bai da sauri, amma ba ya tsayawa. Duk inda suka zauna shan shayi, sai ya zo ya wuce su yana ɗaga musu hannu. A yinin ƙarshe iska ta juya, aka fara ruwa, ruwan ya koma ƙanƙara. Samarin suka loda kekunansu suka shiga motar rakiya. Shi yana can gaba. Da suka cim masa, duwatsun mashigar sun riga sun bayyana, rigar nan ta manne a jikinsa.

Tariƙ ya ce masa, "Yalla ya Ammu, shigo, dutsen ba zai gudu ba." Wani ya miƙo masa bargo ta taga. Ya ƙi tsayawa, don ya ce in ƙafarsa ta sauka daga feda ba za ta koma ba. Ya faɗa musu da Larabcinsa na makaranta cewa mahaifiyarsa ta bi ta nan a mota, yana so ya sami labarin da zai ba ta da bakinsa, wanda ba za a iya aiko shi ta bakin wani ba.

Suka bi shi a baya da fitila a kunne. Ya ratsa tsagar, farin abu na taruwa a gemunsa. Da ya fita ɗaya gefen ya tsaya, amma ya kasa sakin kan keken. Sai da suka ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Sanyin ya shiga huhunsa. Hanya ta rufe, ba a iya kawo shi asibiti a Alƙahira ba sai da ta buɗe. Kowa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ban da ƙorafi a kan kowa.

Na je asibitin da rigar. Yana kwance, ba ya gane mutane. Na shimfiɗa masa ita a ƙirji. Wata nas, sa'ar jikokinka, ta ce mini, "Ya hajja, kira shi da sunansa. A wannan halin muryar uwa suke ji." Mahasin ta matso za ta kira a madadina. Na ce ta zauna.

Na gyara zama kamar yadda nake yi in jar fitila ta kama a ɗakin shirye-shirye. Na ce, "Ishaƙ." Sunan ya yi mini nauyi a harshe, ban taɓa jin sa da muryata ba. Na sake faɗa. Ya buɗe ido kaɗan, bai dube ni ba, ya ce, "Na'am, Inna."

Na ce, "Rigar taka ce. Ni na saya maka." Yatsunsa suka motsa a kan wuyan rigar. Na ce masa na ji ya ratsa Waɗiya, na ce ko ubansa a mota ya bi ta. Na yi ta magana, Giɗaɗo, har aka kira azahar. Bai ƙara cewa komai ba. Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Kabarinsa yana kusa da na mahaifinsa. Samarin sun zo jana'iza suna tura kekunansu. Da suka zo yi mini ta'aziyya, kowanne ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, ya Ummu Ishaƙ." Bawwab yana tsaye yana ji. Ban gyara wa kowa ba.

Kada ka sa ran zan zagi tarbiyyar da aka yi mini. Ajali ne, ba ya jiran riga. Kada kuma ka sake kawo maganar komawa Zariya. Yanzu kabari biyu gare ni a garin nan. Samarin sun kawo mini keken, yana falo, jingine inda ya jingine shi ranar da ya zo. Ka ba matarsa haƙuri, ba zan aiko da shi ba. Sauran kayansa suna hanya.

Abu ɗaya ne ban sani ba: wadda ya amsa wa. Hauwa ce ta yi masa wanka, ita ta yi jinyar ƙyandarsa, ita ta kai lefensa. Mai zazzaɓi gida yake komawa. In ita ya ji, haƙƙinta ne, ba zan yi jayayya da mamaciya ba. Kada ka rubuto mini komai a kan wannan.

Ummukulthum

*

Tudun Wada, Zariya
Fabrairu, 2014

Yaya Ummu,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da mahaifinsa cikin rahama, ya ba mu haƙuri. Kayan sun iso. Matarsa ta ce keken ya zauna wurinki, ita ba ta son ganin sa. Wannan karon jikata Fatimatuzzahra ce ta karanta mini takardarki, sai da ta fita ta wanke fuska kafin ta kai ƙarshe.

Kin ce kada in rubuto komai. Tun ranar da aka kawo ki gidanmu ban taɓa bin umarninki ba, ba yau zan fara ba.

Goggo yake ce wa Hauwa. Tun yana ƙarami har ranar da ya sa ta a kabari, Goggo. Ta so ya canja, ya ƙi. Uwarmu kuma Kaka yake ce mata.

A gidan nan mutum ɗaya ya taɓa kira da wancan sunan. In magariba ta wuce, aka kunna rediyo, aka gama kiɗan buɗe tasha, muryar ta fito, sai ya ɗaga wa sauran yara hannu ya ce, "Ku yi shiru, ga Inna."

Ƙanen mijinki,
Giɗaɗo